Ɗigon Jini a Burtalin Gilashi

Da takalmin roba cike da laka Zaharadeen ya shigo rayuwar Kellu, kuma maganar farko da ya ji daga bakinta kora ce.

Wata Talata ce a tsakiyar damina, ruwa bai daɗe da ɗaukewa a Kazaure ba. Wurin binciken da Kellu ke aiki ciki da falo ne kawai a bayan wani ƙaramin asibiti, wata jami'a ce ta kama wa ma'aikatanta. Tana sunkuye a kan madubin likita ta ji an yi sallama an turo ƙofa. Da ta ɗago sai ta ga wani dogon saurayi siriri rungume da kular ƙanƙara, ƙafafunsa sun sha taɓo har ƙwauri.

"Malam, koma da baya. Don Allah ka cire takalmin nan a waje."

Bai yi musu ba. Ya fita ya tuɓe, ya wanke ƙafa a bakin famfo, ya dawo ya tsaya daga bakin ƙofa kamar mai jiran hukunci. Ya ce sunansa Zaharadeen, ma'aikacin lafiyar dabbobi ne a Gwiwa, kuma Dakta Khairiyya, shugabar wurin, ita ta ce ya riƙa kawo jinin shanun da ake zargin sammore ya kama. Da Kellu ta karɓi kular ta sa hannu a takarda, sai ya leƙa sunan.

"Kellu Sheriff," ya karanta a hankali. "Ashe Barebari ne a wurin. Shi ya sa aka tarbe ni da faɗa."

"Ɗan Fillo ne ashe," ta ce ba tare da ta dube shi ba. "Ba laifinka ba ne. Ruga ba ta da ƙofa, ina za ka koyi cire takalmi?"

Wasan Fulani da Barebari ba ya jiran a san juna, don haka tun ba a je ko'ina ba kowa ya saki jiki. Don ta wanke korar da ta yi masa, sai ta nuna masa dalilinta. Ta ɗauko wani ɗan gilashi da bai fi akwatin ashana girma ba, an manna masa roba mai haske a sama. A tsakanin gilashin da robar, in ji ta, akwai hanyoyi da aka zana, wasu sun fi silin gashi siranta nesa ba kusa ba, ƙwayar ƙasa ɗaya in ta faɗa ciki ta lalata aikin mako guda. A da in ana son sanin yadda ƙwayoyin jini ke ratsa ƙananan jijiyoyi, sai dai a yi kirdado ko a gwada a jikin dabba. Yanzu ɗigo ɗaya ya isa. A tura shi cikin hanyoyin nan, a zauna ana kallon ƙwayoyin suna wucewa ɗaya bayan ɗaya.

Ta matsa masa ya sa ido a madubin. Ya daɗe yana kallo kafin ya ɗago.

"Wannan ai burtali ne," ya ce. "Irin wanda muke kora shanu ta tsakanin gonaki. Lafiyayyar saniya ta wuce, gurguwa ta tsaya ta tare na baya."

Shekara uku Kellu na fama da yi wa mutane bayanin aikinta, da Turanci da Hausa, ba wanda ya taɓa kama shi da sauri haka. Sai a lokacin ta dube shi da kyau, kuma ta daɗe tana dubawa fiye da yadda ya kamata.

Abin da bai sani ba ranar shi ne, ba sha'awar gilashi ce ta kawo Kellu aikin nan ba. Ƙanenta Hussain da sikila aka haife shi. Shekara goma sha bakwai ya yi a duniya, kusan rabinsu a gadon asibiti, yana cizon filo don kada mahaifiyarsu Ummi Kulsum ta ji kukansa. Shekara huɗu ke nan da rasuwarsa. Iyayen nasu duka AS ne, wato lafiyarsu ƙalau amma suna ɗauke da ƙwayar ciwon, kuma lokacin da aka yi aurensu ba wanda ya san ana gwada irin wannan abu. Kellu ma AS ce. Ta san maganar kamar yadda ta san sunanta: in ta auri AS irinta, duk cikin da za ta ɗauka akwai ɗaya cikin huɗu a sake haifo wani Hussain.

Shi ya sa yayin da Dakta Khairiyya ke amfani da gilasan tana tace ƙwayoyin sammore daga jinin shanu, ita Kellu jinin masu sikila take turawa, ta rage masa iskar oksijin, ta ga inda ƙwayoyin ke sandarewa su maƙale.

Talata ta zama ranar Zaharadeen. Tun daga bakin get yake tuɓe takalmi ya rataya a babur, don ta hango ta san an yi ladabi. Wata rana ya zo da kindirmo daga rugarsu da ke kusa da Roni, ya ce mahaifiyarsa Inno ce ta ce a kai wa Barebari ko sa san daɗin duniya. Kellu ta ce za ta fara dubawa a madubi tukuna, amma kafin azahar ta shanye shi tas. Lambar waya kuwa da sunan aiki aka karɓa, kamar yadda aka saba.

Wani yammaci saƙonsa ya shigo:

"Assalamu alaikum 'yar Barno. Na iso Gwiwa lafiya. Shanu sun ce in gaishe ki, wai tun da kika fara duba jininsu suke jin kansu. Ni ma haka."

Tana murmushi ta rubuta:

"Wa alaikumus salam Ɗan Fillo. Ka ce wa shanu ina amsawa. Kai kuwa ba a duba naka ba tukuna, kada ka fara jin kai."

Saƙon na tafiya murmushin ya ɗauke. Da wasa ta taɓo abin da ta yi wata biyu tana gudun tunawa. Ta ajiye wayar a kan katifa, ta zauna tana kallonta, abincin da Ummi ta ajiye mata ya huce a wurin.

A wata na huɗu ya zo gidansu zance. A zaure, yana wasa da makullin babur, ya ce shi bai iya kewaye-kewaye ba.

"Kelluna, ina son in turo kawunnaina. Na gaji da zama mutumin Talata. Ina son in zama na kullum."

Daɗi ya kama ta, tsoro ya biyo baya ya danne shi. Ta ce ya ba ta ɗan lokaci ta yi wa Baba magana.

Alhaji Sheriff ɗan kasuwar riɗi ne, mutum mai barkwanci, amma ranar bai yi dariya sosai ba. Ya ce shi ba shi da matsala da Bafillace in ban da rowar nono. Tambaya ɗaya ce da shi, mene ne jinin yaron? Kellu ta sunkuyar da kai ta ce ba ta sani ba.

"Ni da uwarki ba mu sani ba, Allah ya gani," ya ce. "Ke kin sani. In AS ne, ko shi ne autan maza ba zan ɗaura ba. Na binne ɗaya, ba zan tsaya in ga kin binne naki ba."

Ya ƙara da cewa ba zai yi mata dole ba, amma ta tuna Muhammad Nur, ɗan ƙanwarsa da ke aiki a Babura, ya daɗe da nuna yana so. Shi wannan Muhammad Nur tuni ya yi gwajinsa ya fito AA, wato ba ya ɗauke da ƙwayar ciwon, har ya kai takardar an liƙe ta da leda, yana yawo da ita a mota kamar lasisin tuƙi.

To, kowa zai ce ai abin mai sauƙi ne, ta ce wa saurayin su je asibiti. Ta gwada tambayarsa sau biyu a kaikaice. Na farko ya ce bai taɓa gwadawa ba, ya shiga ba ta labarin wani bijimi. Na biyu ya ce ana kiransa a waya, alhali wayar ba ta yi ƙara ba. Mutumin da kullum hannunsa ke cikin jinin shanu, da an ambaci nasa sai ya kauce. Zuciyar Kellu ta fara raya mata cewa akwai abin da yake ɓoyewa. Ga shi takardar asibiti in ta fito ta fito, Baba zai gani, kowa zai ji, magana ta ƙare. Ita kuwa so take ta riga kowa sani, in kuka ne ta yi abinta ita kaɗai.

Nan ta yi dabarar da daga baya ta yi da-na-saninta. Ta ce masa suna buƙatar jinin lafiyayyen mutum don kwatantawa da na marasa lafiya. Ba ƙarya ba ne, suna buƙata, su kansu ma'aikatan sukan bayar da nasu. Amma ba don haka take nema ba. Zaharadeen ya dubi allurar da ke kan tebur, ya dubi ƙofa.

"Zan kawo miki mako mai zuwa," ya ce. "A Roni za a ɗiba. Ba na naɗe hannun riga a gaban Barebari."

Ta ɗauka kunyar Fulani ce. Ta ba shi 'yar kwalba mai maganin hana jini daskarewa, ta ce a zuba a ciki.

Talata ya kawo, an rubuta sunansa a jiki, ya ajiye ya tafi da wuri wai ana jiransa a mashayar shanu. Kellu ta jira har Dakta Khairiyya ta fita zuwa Babura karɓo jinin wasu yara. Ta kulle ƙofa, ta yi bismilla, ta haɗa gilashin da siririyar tiyo, ta kunna na'urar da ke tura jinin a hankali. 

Da farko ƙwayoyin suka taho yadda ake so, jajaye, suna lanƙwasa suna shigewa. Ta fara rage iskar. Ba a yi minti biyu ba hanya ta farko ta tsaya. Ta biyu ta tsaya. Ƙwayoyin suka cunkushe a bakin siraran hanyoyin, na baya suna ta taruwa a kansu, irin cunkoson da ta gani sau ɗari a jinin masu ciwon. Ta ce wa kanta ƙila ƙura ce. Ta ɗauko sabon gilashi, ta sake turawa daga kwalbar. Haka ya sake yi, har ya fi na farko saurin toshewa.

Ta kashe na'urar, ta yanke a ranta cewa shi ma yana ɗauke da ƙwayar. Ta zauna a ƙasa ta jingina da firij, ta yi kukan da rabonta da irinsa tun ranar da aka fita da Hussain.

Kwana biyu tana rubuta saƙo tana gogewa. Wanda ta tura a ƙarshe gajere ne:

"Zaharadeen, ka yi haƙuri, kada ka turo kawunnanka. Wallahi ba ka yi min laifin komai ba. Allah ya haɗa ka da wadda ta fi ni."

Tun ranar da suka haɗu ba ta taɓa kiransa da sunansa na yanka ba, kuma shi ma ya lura. Amsarsa ta zo kafin ta ajiye wayar:

"Kelluna, na karanta sau bakwai ban gane ba. In laifi na yi ki faɗa min. In ba laifi ba ne, shi ma ki faɗa min. Ba a korar ko maraƙi daga garke ba dalili."

Ba ta amsa ba. Me za ta ce? Ta ce ta yaudare shi ta gwada jininsa a ɓoye? Ranar Juma'a ya taso daga Gwiwa bayan an sakko daga masallaci, sai ya tarar da motar Muhammad Nur, wanda ya ji yana neman ta, a ƙofar gidansu, mai ita ya zo gaida kawunsa. Ko kashe babur bai yi ba, ya juya.

"Na zo na ga mota a ƙofar gida. Yanzu na gane. Ni babur gare ni. Allah ya sanya alheri."

Wannan saƙon ya fi komai yi mata ciwo, amma ta bar shi a haka. A ganinta gara ya tsane ta a kan kwaɗayin mota, zai fi saurin mantawa da ita.

Mako biyu ya wuce. Kular jinin shanu na zuwa, amma a wurin mai gadi ake barinta. Kellu ta rame, ta daina tsokanar kowa. Ummi Kulsum na kallonta, sai ta ƙara tsawon sujada.

Dakta Khairiyya ce ta tono maganar. Mace ce da ba ta wasa da kayan aiki, kuma ta ga gilasai biyu a kwandon shara waɗanda ba a rubuta abin da aka yi da su ba. Da ta tsare Kellu da ido, sai komai ya fito. Dakta ta yi faɗa sosai. Ta ce jinin mutum amana ne, ba a karɓarsa da wani suna a yi wani abin da shi. Ta ce gilashin nan na bincike ne, ba a yarda ya yanke wa kowa hukunci ba tukuna, kuma Kellu ta fi kowa sanin haka tunda ita ke faɗa wa iyayen yara kullum. Sai da ta sauke faɗan sannan ta ce a buɗe mata hoton bidiyon, don na'urar na naɗar duk abin da ya bi ta gilashin.

Ta tsayar da hoton daidai wurin cunkoson, ta ƙara masa girma.

"Zo ki duba. Ƙwayoyin nan, lauje suka zama irin na masu sikila ko suna nan a zagayensu?"

Kellu ta matso. Suna nan a zagaye, lafiyarsu ƙalau. Wasu siraran zare ne suka nannaɗe su suka haɗa su wuri ɗaya.

"Jini ne da ya fara daskarewa kafin ya shiga kwalba," in ji Dakta. "Wa ya ɗiba? Minti nawa ya yi a sirinji? Ba ki sani ba, kuma ba ki tambaya ba. Kin gwada sau biyu daga kwalba ɗaya kin ce kin tabbatar. Ba abin da ke gabanki kika gani ba, Kellu. Hussain kika gani."

Kafin murna ta kama ta, Dakta ta tare ta. Ta ce wannan bai nuna yaron AA ne ba. Abin da ya nuna kawai shi ne har yau Kellu ba ta san komai ba, ta koma inda ta fara, sai dai yanzu ta ƙara da ɓata wa bawan Allah rai.

Kellu ta kira Zaharadeen sau uku bai ɗauka ba. Sai ta rubuta:

"Ɗan Fillo, ba maganar mota ba ce. Na yi maka laifi babba, kuma ba zan iya faɗarsa a waya ba. In ka zo Talata ka shigo ciki. Ko da takalmi ne."

Ya zo, kuma ya tuɓe takalmin. A bencin da ke ƙarƙashin dalbejiyar asibitin ta faɗa masa komai, tun daga Hussain, zuwa sharaɗin Baba, zuwa abin da ta yi da jininsa. Ya saurara har ta gama, fuskarsa a ɗaure.

"Da kin tambaye ni kai tsaye."

"Na tambaya. Kauce min kake yi. Na ɗauka ka san kai AS ne kake ɓoyewa."

Ya sunkuyar da kai. Da ya buɗe baki kuwa muryarsa ƙasa-ƙasa take, kamar mai shirin amsa laifin sata. Ashe tsoron allura yake. Ya soka wa shanu dubu allura, ya kayar da bijimin da maza huɗu suka kasa, amma in ya ga an nufo jijiyarsa sai duniya ta juya masa. Ranar da ya je wurin Malam Daudu, wani tsohon ma'aikacin lafiya a Roni, jinin na fara shiga sirinji ya sulale ƙasa. Malam Daudu ya ajiye sirinjin a kan tebur ya shiga yayyafa masa ruwa yana fifita. Sai da ya farfaɗo, ya sha ruwa, aka gama yi masa dariya, sannan aka tuna da jinin aka juye a kwalba. Malam Daudu ya ce a sake ɗiba, shi kuwa ya ce ko za a ba shi garke guda ba zai sake ba. Labarin har ya kai kunnen Inno, wadda tun ranar take tambaya wace irin budurwa ce wannan mai neman jinin saurayi.

"Ta yaya zan faɗa miki?" ya ce. "Bafillace ya suma saboda allura, kuma 'yar Barebari ta ji? Ai har jikokina sai sun sha gori."

Kellu ta yi dariya da hawaye a fuskarta, shi ma ya yi. Amma dariyar ba ta daɗe ba, don abin da ke gabansu yana nan inda yake.

"In na fito AS fa?" ya tambaya.

"Zan rabu da kai," ta ce. "Kuma ban san ranar da zan warke ba."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce ya yarda, shi ma ba zai so ya ga ɗansa yana cizon filo ba. Ya ce su je a yi na gaskiya, a asibiti, a gaban Baba.

Alhaji Sheriff da kansa ya raka shi babban asibiti ranar Alhamis. Zaharadeen ya naɗe hannun riga ya kafa wa bango ido yana salati. Bai kai ƙarshen salatin ba ya tafi luu, sai a jikin surukin da yake nema. Alhaji ya tallabe shi, ya cire hularsa yana masa fifita, ma'aikaciyar kuwa da yake an gargaɗe ta, ba ta saki sirinjin ba sai da ta juye jinin inda ya kamata. Da suka dawo gida Alhaji ya ba Ummi labari yana dariya, amma a ƙarshe ya daina dariyar, ya ce yaron da ya san zai suma kuma ya miƙa hannun, Allah ya sa kada takarda ta raba su da shi.

An ce a dawo Litinin. Kwanakin nan huɗu Kellu ba ta san yadda suka wuce ba. Ta zuba gishiri a shayi. Ta saka gilashi a madubi ta yi rabin awa tana kallo ba ta tura komai a ciki ba, har Dakta ta ce ta tafi gida kafin ta fasa wani abu. Ran Lahadi da la'asar Zaharadeen ya turo mata:

"Kelluna, Inno ta ce in gaya miki ta yafe maganar jinin, tana kuma yi mana addu'a. Ni dai ko me takarda ta ce, Talatocin nan da na yi su ne mafi daɗi a rayuwata."

Ta amsa da kalma biyu, don ba ta iya fin haka ba: "Ina tsoro."

"Ni ma," ya ce.

Litinin da hantsi ya karɓo takardar, bai buɗe ba, ya kawo wa Alhaji a zaure a rufe. Kellu na tsakar gida ita da Ummi, an baza shinkafa a faranti ana tsinta, amma ba wadda ta cire tsakuwa ko ɗaya. Suna jin sallamarsa, suna jin gaisuwa, suna jin an yaga ambulan. Daga nan shiru. Shirun ya yi tsawo har Kellu ta kama hannun mahaifiyarta ta riƙe.

Alhaji ya ɗaga labule ya shigo, tabarau a hannu, idanunsa sun yi ja. Ya dubi matarsa kafin ya dubi 'yarsa.

"AA ne," ya ce. "Kulsum, ki fara shiri. Fulani za su shigo mana gida."

Farantin ya kife, shinkafa ta watse a tsakar gida, ba wanda ya bi ta kanta. Kellu ta faɗa jikin Ummi tana kuka, Ummi kuwa ta ɗaga hannu sama.

Bayan an cire amfanin gona aka ɗaura aure a Kazaure. Sadakin karsana ce ja da Inno ta zaɓo da kanta daga garke, ta ce a ba Barebari su koyi kiwo. Muhammad Nur ya zo, kuma don ya nuna ba komai a ransa, motarsa ce ta ɗauki ƙawayen amarya. Dakta Khairiyya ta ba da gudummawar tukwane, tare da gargaɗin cewa hutun amarci mako biyu ne, gilasai na jira.

Da la'asar, kafin a fita da amarya zuwa Gwiwa, aka kai ta ɗakin mahaifiyarta yin sallama. Ummi Kulsum ta ɗage mayafin ta riƙe fuskar 'yarta da hannu biyu. Ta yi nasihar da iyaye ke yi, ta haƙuri da riƙon amana da girmama dangin miji. Sannan ta sassauta murya yadda su biyu kaɗai za su ji.

"Shekara goma sha bakwai ban taɓa ɗaukar ɗana ba tare da na fara taɓa goshinsa ina neman zazzaɓi ba. Ki je ki haifo min jikoki, Kellu. Ina son in ɗauki yaro in yi masa wasa kawai."

Kellu ta gyaɗa kai. Ummi ta sauke mata mayafin, ta ɗora hannu a kanta.

"Allah ya yi muku albarka, ke da shi. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai lafiya."

Matan da ke bakin ƙofa suka amsa da amin, aka rangaɗa guɗa, aka kama hannun amarya aka fita da ita.